Tikiti Ɗari da Tamanin

SHAFI NA 14

Na ga saƙonninku, har da na waɗanda suka ce sun kasa cin abinci saboda tausayin Hwaja. Ku ci abincinku. Masu zagin Manho kuma tun shafin baya, ku riƙa tsimin zagin nan, kada ya ƙare muku kafin a zo inda ake bukatarsa.

*

Hannun Hwaja na cikin bahon kabeji tana barbaɗa gishiri, ta ji an turo ƙofar shagon.

"Ba mu buɗe ba tukuna," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Miyar kifi sai sha ɗaya da rabi."

"Ni ma ba miya ta kawo ni ba, Maman Gwangil."

Inna Pyo ce, tsohuwar da ta shekara ashirin da biyu tana wanke babbar tutar Igiyar Ruwa, ƙungiyar magoya bayan kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Solpo, tana ɗinke duk inda iska ta yaga. Ta shigo tana dogara sanda, wuyanta naɗe da shuɗin mayafin kulob da ya koɗe har ya koma ruwan toka.

"An ce sunayen masu tikiti sun fito. Jikata ta turo min a waya, to idon nan nawa kin san shi. Sau uku ina bi daga sama har ƙasa, rubutun sai rawa yake min. Duba min ki gani, ko kusa da masu ganga aka sa ni. Kunnena ba ya son nesa."

Hwaja ta yi dariya, ta zare safar roba.

"Ai ba sai na duba ba, Inna. Ni na rubuta da hannuna. Ke ce ta ɗari huɗu da talatin da bakwai. Da ba don aikin gwiwar da aka yi miki bara ba, da kina cikin goman farko."

"Duba dai. Ina so in ji an karanta min."

Ta karɓi wayar.

Tun kafa kulob ɗin Solpo ba su taɓa zuwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙasa ba sai bana. Filin da za a buga a Seoul, babban birni, yana cin mutum dubu sittin, amma dubu biyar kacal aka ba su. Waɗanda aka saka a intanet ba su yi minti huɗu ba suka ƙare. Abin da ya rage wa 'yan Igiyar Ruwa shi ne kujera ɗari shida a bayan raga, su kuwa sun haura mutum ɗari tara. An yi taro har sau uku, an yi cacar baki, an jefi juna da kofi, daga ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya: wanda ya fi zuwa kallo a shekara ukun nan, shi ne a gaba. Babu ɗan wane, babu surukin wane. Kuma don kowa ya yarda da Hwaja, ita da ke riƙe da littafin halarta tun tana da baƙin gashi, ita aka ce ta jera sunayen.

Ta fara ja da yatsa. Na ɗaya, na biyu, na uku ɗanta Gwangil mai ja musu waƙa. Ɗari. Ɗari uku. Duk yadda ta rubuta.

Ɗari huɗu da ashirin, direban motarsu.

Ɗari huɗu da ashirin da ɗaya...

Ta tsaya. Ta kusantar da wayar ga idonta.

Ba ta san sunan ba. Na ƙasansa ma ba ta sani ba. Ta ja da sauri, ta wuce talatin da bakwai, ta dawo, ta sake wucewa har ƙarshe. Mutum ɗari da tamanin, babu ko ɗaya da ya taɓa tsayuwa cikin ruwan sama a bayan ragar Solpo. Ta san haka kamar yadda ta san sunanta.

"Kin gani?" in ji Inna Pyo.

"Wayar ce... tana ɗan nauyi, Inna."

"Na sayi takalmi mai roba a ƙasa, an ce matakalar filin akwai santsi. Ranar Lahadi kuma na hau tudu na gaya wa maigidana a kabarinsa. Na ce masa kai ka yi gaggawa, da ka jira shekara biyu da tare za mu. To ni zan je in gano mana."

Hwaja ta kasa ɗago kai.

Tsohuwar ta kalle ta. Sannan ta miƙo hannu a hankali ta karɓi wayarta.

"Babu ni, ko?"

"Kuskure ne, Inna. Na rantse miki kuskure ne. Ki ba ni zuwa rana."

"To." Ta gyara mayafinta. "Bari in je in ƙarasa kalmasa bakin tutar. Ita dai ai za ta je, ko ni ban je ba."

Ƙofa ta rufe. Hwaja ta ji ƙarar sandar tana nisa a kan titi, ƙwas, ƙwas, har ta daina ji.

Sai wayarta ta fara ruri a kan tebur. Kafin ta kai hannu ta katse, wani kiran ya shigo. Saƙonni na ta faɗowa kamar ƙanƙara a kan kwano. Ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Lamba ɗaya ta nema: yayanta Manho, shugaban ƙungiya, wanda ta damƙa wa takardun ranar Talata ya kai ofishin kulob.

Tana kira ta ji wayar na ƙara a bayanta.

Yana tsaye a ƙofar baya, tsakanin buhunan shinkafa, hularsa a hannu. Fuskarsa kamar wanda ya yi jinyar wata guda.

"Rufe ƙofar gaba," ya ce.

"Yaya, ka ga abin da ofis suka fitar? Sun ɓata mana..."

"Ba ofis ba ne. Rufe ƙofar, Hwaja."

Ta tafi ta murza mukulli. Ta dawo ta tsaya nesa da shi, tebur a tsakaninsu.

"Su wane ne?"

"Zauna."

"Ba zan zauna ba. Su wane ne mutanen nan?"

Ya ja kujera shi ya zauna. Ya ɗora hannunsa na dama a kan tebur, wanda injin ma'aikatar jiragen ruwa ya cinye wa yatsa biyu shekara talatin da suka wuce.

"Baƙin Byeon ne."

"Wane Byeon?"

"Byeon nawa kika sani?"

Ɗaya ta sani. Ɗan kwangilar da ke riƙe da aikin walda a ma'aikatar, ubangidan Gwangil. Mutumin da bai san ko mutum nawa ke buga ƙwallo a fili ba.

"Yana neman sabuwar kwangila," in ji Manho. "Yana so ya kai manyan da ke sa hannu kallon wasan, da matansu da 'ya'yansu da surukansu. Yanzu a garin nan babu kyautar da ta kai tikitin nan. Ya nema ko'ina bai samu kujeru a jere ba, sai a wurinmu."

"Sai ka ba shi."

"Na ba shi."

"Bayan raga? Inda muke tsayuwa? Mutanen da ko waƙa ɗaya ba su sani ba?"

"Na ba shi, na ce."

Ta dafa tebur da hannu biyu.

"Yaya, kai ne ka miƙe a taro ka ce ko ɗanka na cikinka bai cika ba, ba zai je ba. Kai ne ka sa aka tafa. Inna Pyo yanzu ta fita daga nan. Ta sayi takalmi, Yaya. Chunbae fa, abokin Gwangil, da ke sauka aikin kwana ya hau mota awa shida bai runtsa ba? Shi ne na ɗari huɗu da hamsin da biyar. Me za ka ce masa?"

"Wasa minti casa'in ne."

"Minti casa'in! Je ka gaya wa Inna Pyo minti casa'in ne. Shekara ashirin da biyu tana jiran minti casa'in ɗin nan!"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba! Nawa ya ba ka? Faɗa min in ji kuɗin da aka sayi Tak Manho. Da Baba na raye da ya..."

"Ko won ɗaya ban karɓa ba!"

Ya daki tebur har kwanon cokula ya yi tsalle. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ko won ɗaya. Ke ce za ki tsaya ki ce min na ci kuɗi? Ke? Wa ya zo gidana sati uku da suka wuce?"

Hwaja ta kawar da kai.

"Wa ya durƙusa a gabana yana kuka, har matata ta fita don kunya? Wa ya ce min, Yaya, an ce za a rage ma'aikata, an ga sunan Gwangil a ciki, matarsa na da cikin wata bakwai, ubansa ya mutu ba shi da kowa sai kai? Me kika ce min a ƙarshe? Maimaita."

Ta kama gefen tebur.

"Maimaita, Hwaja."

"Na ce... ka yi duk abin da za ka iya."

"To na yi."

Ta laluba kujera ta zauna. A kan murhu tukunyar miya ta fara tafasa, murfin na ƙwanƙwasa, babu wanda ya tashi ya rage wuta.

"Ban ce ka yi wannan ba," ta ce da wata ƙaramar murya.

"Da me kike so in je masa? Ni tsohon fomen ne mai yatsa takwas. Sau biyu ina zuwa ofishinsa yana barina a tsaye a waje. Rana ta uku shi ya kira ni da kansa, har da shayi. Ashe ya ji labarin kujerun ne."

"Rukunin su Gwangil mutum talatin da huɗu ne. Rabinsu 'yan ƙungiyarmu ne." Ta ɗago da sauri, kamar wadda ta hango tudu a tsakiyar kogi. "In dai aikinsu ka ceto, Yaya, a fito a faɗa. Mutane za su yi fushi, amma za su gane. Ko Inna Pyo da kanta za ta ce..."

Manho ya dubi ƙofar baya.

"Yaya?"

Ya sunkuyar da kai yana juya hularsa.

"Mutum nawa?"

"Na roƙa wa duka. Na rantse da kabarin Baba na roƙa. Dariya ya yi min. Ya ce tikiti ka kawo min, Manho, ba jirgi ba."

"Mutum nawa?"

"Ɗaya."

Ta rufe bakinta da hannu. Hannun duk gishiri, ta ji shi a leɓenta.

Ɗaya. Ɗanta. Sauran talatin da ukun za a watsar da su a farkon sanyi, kuma cikinsu akwai waɗanda aka ƙwace wa kujera don a biya kuɗin tsirarsa. An ci su ta gaba, an ci su ta baya.

"Ya sani?"

"Gwangil? Kin san ɗanki. Ranar da ya ji, a ranar zai ajiye musu hular kwano ya fito, ya ce shi ba zai ci abinci a kan bayan 'yan uwansa ba. Sai matarsa ta haihu a cikin me? A cikin tutar Inna Pyo?"

"A mayar. A je a ce an yi kuskure, a karɓo."

"An riga an buga tikitin da sunayensu. Jiya direbansa ya zo ya ɗauka."

Can ta ji ya yi gyaran murya, irin wadda yake yi tun suna yara in zai nemi ta ɗauki dukan da shi ya jawo.

"Akwai sauran magana."

"Har da saura?"

"Shafin ƙarshe. Wanda kika buga wa hatiminki."

Ta tuna. Shafi goma sha biyu ta ba shi, na ƙarshen babu sunaye, a nan ne kawai aka rubuta cewa mai riƙe da littafi ta duba ta tabbatar, ta dangwala jan hatiminta a ƙasa.

"Na canza na tsakiya," ya ce. "Na ƙarshen na bar shi yadda yake. Duk wanda ya je ofis, sunanki zai gani. Ni ɗan aike ne kawai."

Ta dube shi. Yayanta ne, wanda ya goya ta zuwa makaranta ranar da ruwa ya cinye gada. Ta yi ta kallonsa tana neman wancan yaron a fuskar nan, ba ta same shi ba.

"Tun farko ka shirya."

"Saurare ni. Byeon ya ce ranar da sunansa ya fito, a ranar Gwangil zai bi sauran, kuma babu ɗan kwangilar da zai sake ɗaukarsa a duk gaɓar tekun nan. In aka ce ni ne, wa bai san na yi shekara ashirin ina aiki tare da Byeon ba? Kafin a sha ruwa an haɗa zaren. Amma in ke ce, za a ce 'yan kasuwar bayan fage kika sayar wa. Za a zage ki, a gaji, a bari."

"A bari? A garin nan? Su wa ke cin miyata, Yaya? Da wa nake gaisawa a kasuwa? Wa zai ɗauki gawata?"

"Ni ma ba barci nake ba."

"Ba barci kake ba." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Sannu, Yaya. Sannu da rashin barci."

"Ban ce dole ba. Bakinki ne. Ki zaɓa."

Jiniyar sha biyu ta ɗauka daga ma'aikata, doguwa, ta ratsa garin.

Kullum in ta ji ta, sai ta hau jera kwanuka. Yau ko motsi ba ta yi ba. Ta ji takun manyan takalma a kan titi, sun fi na kullum yawa, kuma babu dariya a cikinsu.

Aka buga ƙofa.

"Umma! Buɗe, ni ne!"

Manho ya miƙe ya ja baya, ya tsaya a bakin madafa.

Ta buɗe.

Gwangil ne a gaba, cikin kayan aiki masu ƙunar walda, hular kwano a hammata. A bayansa mutum ya fi hamsin, sun cika shagon sun tsaya har titi. Chunbae na kafaɗarsa, gajere mai faɗin ƙirji, fuska a murtuke. Wani ya riƙo Inna Pyo ya zaunar da ita a kujerar kusa da ƙofa, allura da zare har yanzu a maƙale a gaban rigarta.

"Yawwa, Kawu ma na nan," in ji Gwangil. "Umma, kada ki tsorata. Na gaya musu babu wanda zai ɗaga miki murya. Na je ofishin kulob da safe, na sa sun nuna min takardar, na ɗauki hoto."

Ya ɗaga wayarsa kowa ya gani.

"Ga hatiminki nan. To ni na ce musu sata aka yi, ko kuma an sassaƙa irinsa. Na ce uwata ce ta taɓa cire min wasa biyu a littafi don na shiga bayan an tafi hutun rabin lokaci. Ni, ɗanta! Wannan matar ce za ta sayar da kujera?"

"Gaskiya ne," wani ya ce daga baya. "Ni ma ta taɓa yi min."

"Na kuma rantse a gabansu, in ba a gyara ba, ni ma ba za ni ba. Na uku ne ni, amma zan yaga nawa. Igiyar Ruwa ba ta tafiya rabi." Ya matso ya kama hannunta. "Faɗa musu kawai, Umma. Wa kika ba takardun? Hannun wa da wa suka bi? Mu za mu nemo shi."

Hannunsa da ɗumi, duk kanta. Ta tuna ranar da ya fara aiki ya dawo da ƙuna a wuyan hannu yana ɓoye mata. Ta tuna matarsa shekaranjiya, zaune a wancan lungun tana cin shinkafa a hankali, tana cewa yaron ya fara harbi kamar ubansa.

Ta waiwaya. Manho na kallon ƙasa.

"Umma?"

Ta zare hannunta.

"Ba a saci komai ba."

"Na'am?"

"Ni na buga. Ni na canza sunayen."

Ba a ji ko tari ba. Sai tukunya da ke ta ƙwanƙwasa murfi.

Gwangil ya yi ɗan murmushi, irin na wanda bai ji daidai ba.

"Umma, ba lokacin wasa ba ne."

"Ba wasa nake ba. Wasu mutane suka zo daga Seoul, suka yi min tayi, na sayar."

"Ƙarya kike, Hwaja."

Inna Pyo ce. Ta dogara sanda ta miƙe da ƙyar.

"Na san ki tun kina tallan kifi da uwarki. Da safen nan na ga fuskarki lokacin da kike neman sunana. Wanda ya goge suna ba ya nemansa haka. Dube ni ki sake faɗa."

Wannan ya fi komai wuya. Hwaja ta ɗago ta dubi tsohuwar tsakiyar ido, ta tattara duk abin da ya rage mata.

"Ni na cire ki, Inna. Na ga kin tsufa, na ce ko kin je ba gani za ki yi ba."

Tsohuwar ta yi baya kamar an mare ta. Ta koma ta zauna.

Sai shagon ya fashe.

"Tir!"

"Shekara goma ina cin miyarki, ashe da guminmu kike dafawa!"

"Nawa aka ba ki, Hajiyar littafi? Ya isa sabon firji?"

"Ubana na ɗari biyar da tara! Da iskar asibiti a hanci ya je wasan kusa da na ƙarshe!"

Wani ya hankaɗe bahon kabeji, ruwan gishiri ya malale ƙasa har ƙafarta. Wani ya fizge hoton 'yan wasa da ke jikin bango. Chunbae bai yi ihu ba. Ya matso dab da ita.

"Mama nake ce miki. Ranar da uwata ta rasu, a nan na zo na yi kuka. Da kin ce min kuɗi kike nema, da mun haɗa miki."

Ta tsaya kamar icce, tana jin kowace kalma na shiga tana zama.

"Shugaba, ka yi magana mana!" wani ya ce. "Ƙanwarka ce!"

Manho ya juya hularsa. Da ƙyar ya ce, "Za a kira taro. Za a... za a karɓi littafin daga hannunta."

"Ya isa!"

Gwangil ne. Muryar da ke tayar da bayan raga gaba ɗaya, yau ta fito a tsage. Kowa ya yi tsit.

Bai dubi uwarsa ba. Ya ajiye hular kwanonsa a kan tebur, ya juya ya fuskanci jama'a. Sannan ya durƙusa a cikin ruwan gishirin nan, gwiwa biyu, ya kifa goshinsa a ƙasa.

"Ku yafe mana. Uwata ce, laifinta nawa ne. Ku ba Inna Pyo kujerata. Daga yau na ajiye waƙa, ba ni da bakin da zan sake ja muku."

"Gwangil, tashi," ta ce. "Don girman ubanka ka tashi."

"Kada ki kira sunan Baba." Goshinsa na ƙasa ya faɗa. "Kada ki ƙara."

Ta jingina da bango. A ranta ta ce shi ke nan, an gama. Ta rasa shago, ta rasa gari, ta rasa ɗa. Amma ranar Litinin zai tashi ya tafi aiki, yaron da ke ciki zai zo ya tarar da ɗaki mai ɗumi. Ko ba za a bar ta ta ɗauke shi ba, zai zo ya tarar.

Sai wata waya ta yi ƙara.

Wata ta amsa daga bakin ƙofa. Wata a tsakiya. Cikin ƙiftawar ido aljihuna suka ɗauka ko'ina, duk sauti iri ɗaya, na saƙon wurin aiki.

Masu kayan walda suka fara zaro wayoyi. Hwaja ta ga fuskokinsu na canzawa ɗaya bayan ɗaya.

"Me ke nan?"

"Daga ofishin Byeon ne."

"Wai... wai daga ƙarshen wata kada mu ƙara zuwa."

"A waya? Shekara tara ina masa aiki, a waya zai sallame ni?"

Wani dattijo ya zame ya zauna a ƙasa. Wani ya fita da gudu. Chunbae na tsaye yana bin jerin sunayen da ke ƙasan saƙon, leɓensa na motsi. Ya kai ƙarshe, ya koma sama, ya sake bi da yatsa.

"Gwangil."

Gwangil ya ɗago, goshinsa a jiƙe.

"Mu nawa ne a rukuninmu?"

"Talatin da huɗu."

"Talatin da uku ne a nan. Ciro wayarka."

Ya ciro. Babu saƙo. Ya girgiza ta, ya sake dubawa. Babu komai.

"Har fomen an kora," in ji Chunbae a hankali. "Har waɗanda suka riga ka shiga da shekara goma. Kai kaɗai aka bari. Ya aka yi?"

"Ban sani ba. Na rantse ban..."



Hwaja ta ga lokacin da abin ya fara haɗuwa a idonsa. Ya dubi wayar Chunbae. Ya dubi Kawunsa, wanda ya riga ya kai hannu ga mariƙin ƙofar baya. Sannan, a karon farko tun da ta yi magana, ya juyo ya dube ta.

Ya miƙe a hankali, ruwa na ɗiga daga gwiwoyinsa.

"Umma," ya ce. "Mutanen da kika ce sun zo daga Seoul ɗin nan... faɗa min sunan ɗaya."